Ƙafa Uku da Kunnen Margaret

Duk wanda ya zauna a Mayo Gwoi ya san Manasseh, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai tabarau ɗaure da zare, da ke wuni a gindin mangwaron ƙofar gidansa, gabansa tebur cike da wayoyi. Shekara talatin da biyar ya yi yana buga tafireta a sakatariya, bai taɓa shiga ajin lantarki ba. Sha'awa ce kawai ta kama shi tun yana saurayi a Zing. Da ya yi ritaya sai ya tattara hankalinsa kacokan a kanta: yau fitila mai kunna kanta in an ɗauke wuta, gobe ƙararrawa mai kuka in tanki ya cika. Wasu su yi aiki, wasu su ƙi.

Ana nan sai kunnen matarsa Margaret ya fara nauyi. Da fari gida kaɗai ya sani. Daga baya ta daina zuwa zumuntar mata, don ta gaji da murmushi a inda ba a yi abin dariya ba. 'Yarsu Sandra da ke Yola ta ce tana neman na'urar ji ta asibiti, a ƙara haƙuri. Manasseh kuwa haƙuri ba gonarsa ba ce.

Ya zaro wani tsohon littafinsa da gara ta ci gefensa, ya samu zanen ƙaramar na'urar ƙara sauti mai aiki da batir ɗaya tal, irin na rimot. Makirfo yana da shi, abin sawa a kunne yana da shi. Saura taransista uku, 'yan ƙananan abubuwan nan baƙaƙe masu ƙafa uku da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ya rubuta lambar a takarda, ya hau keke zuwa babbar kasuwa.

Jabir mai shagon kayan lantarki ya karanta lambar ya yi dariya. "Baba, wannan ai tun zamanin tsohuwar jihar Gongola rabona da jin ta. Ga wannan, duk ɗaya ne."

"Ka tabbata? Bolt ɗaya da rabi fa zan ba shi."

"Ƙafa uku ne ko ba ƙafa uku ba?"

Manasseh ya kai gida, ya narka dalma ya liƙa, ya sa a kunne. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ashe na inbata ne, wanda sai an ba shi wuta mai ƙarfi yake farkawa. Ya koma. Jabir ya ba shi ƙanana, suka zama irin masu shan wuta ta baya. Ya leƙa wajen masu gyaran waya, suka nuna masa nasu a bakin hantsaki, kamar ƙwayar gero, ko ƙafar kamawa babu. Karo na uku Jabir ya rantse waɗannan su ne magadan tsohuwar lambar. Manasseh ya liƙa. Sauti bai fito ba, batir kuma ya mutu kafin la'asar.

Ranar ce Margaret ta fito da tuwo ta ce, "Baban Sandra, bar abin nan ka ci abinci."

"Ina zuwa."

"Me ka ce?"

"Na ce ina zuwa!" Ya faɗa da tsawar da har mai shagon tsallake ya waiwayo. Margaret ta ajiye kwanon a hankali ta koma ciki. Ya zauna yana kallon tuwon, ransa ya yi baƙi ƙirin. Don ita yake wannan wahala, ga shi ita yake wa ihu a titi.

Wani maƙwabci ne ya tura shi Kachalla Sembe wajen Abbo, tsohon mai gyaran rediyo da yanzu ya koma gyaran tocila da fanka. Abbo ya juya allon a hannunsa, ya ɗora mitarsa a kan ƙafafun, ya girgiza kai.

"Sooba am, abokina, kayanka lafiyarsu ƙalau. Kai ne ka juya su."

"Yadda littafi ya zana na bi!"

"Na littafinka, ƙafar tsakiya ke karɓar sauti. Wannan kuwa ta gefe ce. Fuska ɗaya, hali daban. Mai shago bai gaya maka ba?"

Manasseh ya cire tabarau ya dafe goshi. Mako uku! Abin yana kan teburinsa, shi yana ta zaryar kasuwa cikin rana.

Da yamma ya karkata ƙafafun ya sake liƙawa, ya cusa komai cikin robar sabulu. Margaret ta sa a kunne tana hararar sa. Ya matso ya ce a hankali, "Maman Sandra, ki yi haƙuri da na ranar nan."

Ta ce, "Na ji ka."

Murnar ba ta kai minti goma ba. Maƙwabta suka tayar da injin niƙa, ta fizge abin tana riƙe kai. Na'urar ba ta zaɓe: kaji, babur, motsin zaninta, duk ɗaya take ɗaukar su da muryar mutum, ga wani huci da ba ya yankewa. Ran Lahadi ta daure ta tafi da ita coci, ana tsakiyar wa'azi na'urar ta saki ƙara kamar an take wutsiyar ɗan akuya, har fasto ya dakata. Margaret ta cire ta, ta dawo gida.

Abbo ya ce akwai wata lamba mai ƙarancin huci, sai dai a sa a kawo daga Onitsha. Jabir ya ce kaya na hanya. Wata biyu ke nan kaya na hanya.

Yanzu da safe kaɗai take sa ta, a ɗaki, ƙofa a rufe, lokacin da yake karanta musu addu'a. Suna cewa amin take cirewa ta miƙa masa, shi kuma ya fita gindin mangwaro ya sake kwance ta yana tsaki.