Kabarin da ke Bayan Ganuwa

Shekarar da na gama jami'a, dangi suka ɗora mini aikin rubuta tarihin kakanmu na can farko, domin a karanta a taron zumunci a Bebeji. Baffana, wanda shi ne babba a gidan, ya ba ni sharaɗi ɗaya: in rubuta cewa mutumin ya rasu yana kan sarauta.

Abin da bakin dattawa ya haɗu a kai kaɗan ne. Ya rayu tun kafin jihadi da daɗewa. Ban sami shekarar ba, saboda haka ban sa ba. Ɗan gidan sarauta ne, ya fara da bin sarki yaƙi, daga baya aka damƙa masa wani gari mai ganuwa a kudu, inda ruwan Tiga ya kwanta yanzu. Aikinsa shi ne ya ga an cika rumbuna, kowace unguwa ta yaɓe rabonta na ganuwa bayan damina, a kuma rufe ƙofa idan an buga tambari na uku kafin magariba. Wanda ya makara sai ya kwana a waje, ko ɗan wane ne.

A Tiga aka haɗa ni da wani tsohon masunci, wanda kakanninsa ne makaɗan ƙofar. Na same shi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Ɗan boko, da biro ka zo kamun kifi?" in ji shi.

"Tambaya na kawo, Baba. Yaya kakanmu, mai garin nan da ruwa ya ci, ya rasu?"

"A kan tabarmarsa, kamar kowa. Amma ba da rawani ba. Wata rana ya sa aka buɗe ƙofar kudu bayan tambari, saboda wasu mata masu itace da suka makara. Ba abin da ya shigo sai su. Sarki ya ji, ya tuɓe shi."

Na ce masa, cikin ladabi, maganar mutum ɗaya ba ta isa hujja ba.

Ya yi dariya. "To, tambayi baffanka inda suke zuwa ziyara kafin ruwa ya ci kufan. Wanda ya mutu da sarauta, cikin ganuwa ake binne shi."

Ban buƙaci tambaya ba. Tun muna yara Baffa yake ba mu labarin kabarin: a gindin tsamiya, a bayan ganuwa.

Na rubuta maganar gidanmu, na rubuta ta masuncin, na kuma faɗi inda kabarin yake. Na san idan Baffa ya ƙi takardar, ba za a karanta komai ba, kuma zai ɗauka na tozarta gidan a gaban dangi. Na kai masa bayan la'asar, na zauna a ƙasa.

Ya karanta sau biyu, sannan ya cire tabarau.

"Wa ya ce maka ƙofar kudu ce?"

"Masuncin ne, Baffa."

"Tsufa ya kama shi. Ta gabas ce, wajen tsamiyar." Ya miƙo mini takardar. "Ka gyara kafin ranar taro."

Na gyara. Haka aka karanta ta.