Mai Kunne da Motar Hedimasta

A layin masu gyaran mota babu wanda ke kiransa da wani suna sai Mai Kunne. Shekara arba'in yana gyaran giyabos, kuma ba a taɓa ganin ya fara da ɗaukar sifana ba. Za ka kawo masa mota kana ta zuba bayani, sai ya ɗaga maka hannu ya ce ka tayar da ita. Ya karkata kai, ya lumshe ido kamar mai tuna inda ya ajiye makulli, can sai ya ce, "Man giyarka ya ƙone," ko kuma, "An taɓa buɗe ta, ba a gaya maka ba." Da kunnen nan ya gina gida, ya tura babban ɗansa karatu har ya dawo ana ce masa Injiniya.

Injiniya ya dawo garejin da wata 'yar na'ura da ake jona wa mota ta rubuto ciwonta. Bai raina uban ba. Sai dai shi da mahaifiyarsa sun gama shawara cewa ƙarshen wata Baba zai ajiye aiki ya zauna a gida. Har kujera mai lilo suka saya masa. Sau ɗaya ya zauna a kai, ya ce tana da gyara, ya kwance ta gunduwa-gunduwa.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne kunnensa na hagu ya rufe tun bara, na daman ma sai an matso. A ganinsa ya ɓoye abin da kyau. Duk maganar da aka yi masa sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, za mu gani."

Saura kwana tara wata ya ƙare wani tsohon hedimasta ya dawo da motarsa karo na huɗu. Tsohuwar mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da 'yar kwabar kwanuka a baya. Ya saye ta ne don shi da uwargidansa su riƙa kai wa jikoki ziyara ba tare da ya kwana a falon surukai ba. Kukansa ɗaya: in sun hau babban titi sai ta ƙi shiga giyar ƙarshe, inji ya yi ta kururuwa yana shan mai kamar an fasa tanki.

Na'urar Injiniya ba ta sami ko wurin jonawa ba, don motar ta girme shi. Ya zaro gejin man giya, man ja ne tas, ba warin ƙuna. Duk da haka ya canza mai da filta, ya gyara wayar da ta taho daga totur. Sau uku suna fita gwaji da Hedimasta, motar na sauya giya luf-luf kamar sabuwa.

"Ba abin da ya rage sai a sauke giyabos ɗin," in ji Injiniya.

Mai Kunne ya taso daga bencinsa, ya juyo da kunnen dama. "Malam, in ta yi haka, wa ke ciki?"

"Ni da uwargida."

"In ka kawo ta nan fa?"

"Ni kaɗai mana. Gareji wurin zuwan mata ne?"

"To gobe ka zo da ita, da duk abin da kuke ɗauka."

Wannan tsohuwar dokarsa ce: mota a kawo ta yadda take fita. Ya taɓa sa wani direba ya koma ya lodo buhunan siminti da ya sauke don a ga motarsa da tsabta.

Injiniya ya raɗa masa, "Baba, in ba a gano komai gobe ba zan sauke ta. Kai ma ka samu ka huta." Kalmar ƙarshen kaɗai Mai Kunne ya kama, ita ma a leɓe ya karanta.

Washegari da hantsi uwargida ta iso da tukwane biyu, filas, matashin kai, da wata baƙar jaka rungume a ƙirji.

"Baba Mai Kunne, tun ranar farko na ce masa motar nan ba ta ƙaunata. Shi kaɗai take yi wa ladabi."

"Mota ba ta da ra'ayi," in ji Hedimasta.

"Ai haka ka ce game da mahaifiyarka."

Mai Kunne ya cire takalmi ya miƙe a kan gadon baya, Injiniya ya zauna kusa da murhu. Suka kama hanya. Ta cikin katifa ya riƙa jin giya a gadon bayansa: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kowace ta shiga a kan lokacinta. Suka bar cikin gari. Ya jira ta huɗu.

Ba ta zo ba. Gadon ya fara kaɗawa, murafun tukwane suka shiga rawa a cikin kwaba. Ya ga bakin Hedimasta yana buɗewa da faɗi, ya ga uwargida ta toshe kunne, ya ga ɗansa ya karkata kai ya lumshe ido, daidai yadda shi yake yi. Shi kuwa abin da ke isa gare shi bai wuce kukan ƙuda a kwalba ba. Ya danna kunnen dama a jikin bango. Ko kaɗan. A da, cikin wannan ƙarar zai tsince ko wane haƙorin giya ne ke ciwo. Sai ya tashi zaune da niyyar ya ce a juya kawai, yaro ya sauke abinsa.

Nan ne ya hango baƙar jakar tana lilo. A jikin sandar giya aka rataye ta, sandar da ta fito daga wuyan sitiyari ta miƙo wajen kujerar uwargida.

Ya sa aka tsaya a gefen titi, aka kashe mota, aka sake tayarwa. "Uwargida, riƙe jakarki." Suka tafi, ta huɗu ta shiga shiru. "To, yanzu ajiye ta yadda kika saba."

Ta saƙala igiyar a kan sandar, ta danna da tafin hannu don ta zauna daram. Nan take murafun tukwane suka koma rawa.

"Kullum nan kike rataye ta?"

"Sai mun hau babban titi. A cikin gari rungume take, saboda masu fizge. Duk girman motar nan, wanda ya ƙera ta bai yi tunanin sa ƙusa ko ɗaya ba."

Mai Kunne ya sa aka sake tsayawa, ya zare jakar, ya nuna musu wani ɗan maɓalli a tsinin sandar, wanda rubutunsa ya goge tuntuni. Na hawan tudu ne, in ji shi. In an danna, mota ba ta wuce ta uku. In an kashe ta kuma sai ya koma daidai, shi ya sa take isowa gareji lafiya lau.

Hedimasta ya gyara zama ya gyara murya. "Kin ji ko? Wata biyu ina zarya, ashe…"

"Amma in an danna, akwai wutar da ke kamawa," in ji Mai Kunne, yana leƙa bayan sitiyari. An manna hoton jikoki biyar a kan gilashin, sun jeru suna dariya. Ya sa farce ya ɗaga kusurwar. Wata 'yar wuta ruwan lemo tana ci a ƙarƙashin ƙafar autar.

"Wa ya manna wannan?"

Hedimasta ya shiga goge tabarau.

"Shekara talatin yana zane 'ya'yan mutane don ba sa kallon allo," in ji uwargida.

Da suka dawo, Injiniya ya ɗaura mata ƙugiya a jikin ƙofa, aka mayar da jikoki saman madubi. Bayan sun tafi ya zo ya zauna a benci, a gefen dama na uban.

"Baba, ni ina ta sauraro, ban ji bambanci ba. Me ka ji?"

Mai Kunne ya daɗe yana goge hannun da ba mai a jiki. Zai iya cewa komai, yaron zai yarda.

"Ban ji komai ba. Kunnen hagu ya tafi tun bara."

"Mun sani, Baba."

"Ku wa?"

"Duk layin. Ran nan mai walda ya ce maka matarsa ta haihu, ka ce, to, za mu gani."

Mai Kunne ya dubi ƙasa, ya dubi titi. Ya jira a ambaci ƙarshen wata. Injiniya ya tashi ya kakkaɓe wando, ya sunkuyo daidai kunnen.

"Akwai wata bas da aka yi mana alkawarin kawowa farkon watan gobe. Tana fizga in ta yi zafi. Ni zan saurara, kai ka shiga ka gani."

"Da fasinjojinta za a kawo ta?"

"Baba, mutum sha takwas ne."

"To a nemo benci," in ji Mai Kunne.