Zanin kamfen a bayana

Wallahi 'yan uwa, yau saura ƙiris zanin goyo ya jawo mini bala'i!

Da safe Yaya Rabi ta ce in kai mata ɗanta Khalifa rigakafi. Zannuwa duk an wanke suna kan igiya, sai na jawo wanda aka raba wa mata ranar kamfen na goya shi. Na manta shaf da hoton ɗan takara a jiki.

Muna sauka Gagarawa Tasha na ɗage hijabi yaro ya sha iska. Ashe samarin ɗaya ɓangaren suna nan da gorori, suna jiran nasu gwanin!

Suka zagaye ni. Babbansu ya ce, "Kwance zanin nan mu ƙona!"

Na ce, "Don Allah Malam, yaro ne a ciki!"

"Ki kwance ko mu kwance!"

Ya damƙi bakin zanin. Na ji ƙullin yana saki, Khalifa ya fara zamewa, ya tsala ihu. Innalillahi!

Sai wata tsohuwa mai fura ta zabura ta tallabe shi. Ta ce, "Kai ɗan nan, a titi ake kwance goyo? Haka aka yi wa uwarka?" Ta ɗago hannunta a jiƙe. "Yaron ma naku ne. Ku duba, ya riga ya tsula wa Alhajin da ke jikin zanin fitsari a fuska."

Suka leƙa. Sai dariya ta ɓarke!

Babban ya saki zanin, ya ce, "Ɗaure shi da kyau, ya ƙarasa aikin."