Kujerar Yayana a Teburin Karta

Yayana ya rasu ranar wata Talata da damina, a hanyar Kaduna, dab da Sabon Wuse. Motar haya ce, taya ta fashe. Shi kafinta ne, ya tafi duba katako. Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Suleja, ina tsaye gaban 'yan aji huɗu aka zo aka kira ni. Na tuna sai da na goge allo, na mayar da alli cikin gwangwaninsa, sannan na fito.

An yi jana'iza bayan la'asar. An yi zaman makoki, mutane suna zuwa suna riƙe hannuna, ina ba su amsar da aka saba bayarwa. Ban yi kuka ba. Ba daurewa nake yi ba, kukan ne bai zo ba. Na koma aiki, ina zuwa ina dawowa, ina gaida matarsa da 'ya'yansa da safe tunda gida ɗaya muke. In an tambaye ni yaya haƙuri, sai in ce da godiya. A cikina kuwa babu komai, babu zafi babu sanyi.

Bayan kamar wata biyu wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Na san shi sama-sama. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya, mutumin Filato, Kirista, ya daɗe ƙwarai a unguwar Wambai. Kowa Baba yake ce masa. A rumfar ƙofar gidansa ne yayana yake zuwa wasan karta kullum da yamma.

"Malam ƙarami," ya ce, "mu huɗu ne a teburinmu, yanzu mun zama uku. Muna da wasa da mutanen Tafa bayan kaka. Ko za ka zo ka zauna mana?"

Na ce masa ban iya sosai ba.

"Wasa ba wuya. Zama ne ke da wuya. Ka zo gobe."

Na je, don ba ni da dalilin ƙin zuwa, kuma ba ni da wani abin yi da yammata.

Wot suke bugawa, kartar nan mai ƙwallo da tauraro da kuros da akwati da kusurwa uku. A tashar mota ana buga ta da ihu da zagi da caca. A rumfar Baba ba haka ba ne. Ba a sa ko sisi. Sauran biyun, wani tela ne da wani mai gyaran rediyo, dukansu sun girme ni. Na miƙa hannu zan ja kujera, Baba ya nuna mini wata roba da ruwa da guntun sabulu a gefe.

"Wanke hannu tukuna. Alli ne a yatsunka."

Na wanke. Ya kwance kartar daga cikin wani farin hankici, ya barbaɗa mata hoda kaɗan, ya miƙa wa tela ya gauraya. Da aka raba, na lashi yatsana don in ware tawa. Baba ya ajiye tasa a kife ya dube ni, har sai da na goge yatsan a riga.

Haka na riƙa koyon dokokinsa, ɗaya bayan ɗaya, kowace sai na taka ta. Ba a lanƙwasa karta. Ba a buga ta da ƙarfi a kan tebur, ajiye ta ake yi yadda kowa zai gani. Ba a saukar da hannu ƙasan tebur. Ba a cin gyaɗa ana wasa. In saura maka karta ɗaya, ka faɗa da murya yadda na nesa zai ji, ba a cikin haƙora ba. In ka sa mutum ya ɗauki biyu, kada ka yi dariya, kada ka kalli fuskarsa. Mai kallo ba ya magana, ba ya tari, ba ya gyaran murya. In ka ci, kai za ka tattara karta ka ce an gode da wasa. Wata rana ina riƙe da tawa sakaka, tela ya ajiye tasa ya ce, "Malam, gyara hannunka, na ga biyu." Aka watsa wannan zagayen aka sake rabo.

Idan an kira sallar magariba, mu uku mukan kife kartarmu mu tafi masallaci. Baba ya zauna gadi, hannayensa a kan gwiwa, har mu dawo mu ƙarasa. Ran Lahadi kuma mu ke jiran sa ya dawo daga coci. Mai gyaran rediyo ya taɓa ce mini sama da shekara goma suna haka, bai taɓa dawowa ya samu kartarsa ta gusa ba.

Ba zan ce na ji daɗin wasan ba. Abin da na sani shi ne a wurin nan ba wanda yake tambaya ta yaya nake ji. Ƙwallo a kan ƙwallo, bakwai a kan bakwai, in ba ka da ita ka ɗauka a kasuwa, wato tarin kartar da ke tsakiya. Kaina ya zama fayau. Ina riƙe duk abin da ya fita, ina ƙirga abin da ya rage. Kafin a yanke dawa na fara cin tela, wani lokaci har da Baba. Ba su taɓa ambaton yayana a teburin ba, ni ma ban taɓa ba. Kujerarsa tana da ɗan gurbi a hannun dama inda yake dafawa. Na lura da shi, na ci gaba da wasa.

Abin da ake ci a wasa da mutanen Tafa wata tsohuwar butar shayi ce ta alminiyom. Waɗanda suka yi nasara su ke ajiye ta har karo na gaba. A lokacin tana Tafa.

Ranar Asabar muka tafi. Lokacin wahalar mai ne, mun daɗe a tasha kafin mu samu mota. Da muka kusa Sabon Wuse tela ya daina surutu, mai gyaran rediyo ya sunkuyar da kai yana addu'a. Na leƙa ta taga. Gonar masara ce an riga an girbe, da wasu awaki, da wata mata tana shanya barkono a bakin kwalta. Na kalla har muka wuce.

A Tafa an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, an ajiye teburi biyu. Mutum ɗaya da mutum ɗaya ake karawa, wanda ya fara cin zagaye uku shi ya yi nasara. Baba ya ci nasa. Tela ya sha kashi. Mai gyaran rediyo ya ci da ƙyar. Ya rage nawa: in na ci, buta tamu ce, in an ci ni, an yi kunnen doki ta ci gaba da zama a Tafa.

Abokin karawata wani manomi ne daga ƙauyen da ke kusa, zai yi shekara hamsin, baƙi, mai fara'a. Da ya zo wanke hannu na ga hannunsa na dama da tabo sabo tun daga wuyan hannu, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Da hagu yake ajiye karta, da daman yake riƙewa. Tun rabon farko na ga matsalar. Hannun ba ya iya tsayar da kartar, sai ta riƙa kwantowa waje. In ya miƙa zai ɗauka a kasuwa, duk abin da ke hannunsa a fili yake gare ni.

Na san abin da ake yi. An yi mini, na ga an yi wa wasu. Maganar tana bakina, ba ta da nauyi, ba ta da wuya. Ban faɗe ta ba. Ba kwaɗayin buta ba ne, don ko kallon ta ban yi ba. Na dai ga ba shi da kuros, sai na ajiye wot, kartar da ke ba mutum damar neman abin da yake so, na ce kuros. Ya tafi kasuwa. Na sake gani, na sake nema. Baba yana tsaye a bayana cikin masu kallo, kuma mai kallo ba ya magana. Na ci uku, ya ci ɗaya. Na tattara karta na ce an gode da wasa. Ya miƙo mini hagu muka gaisa.

Aka kawo doya da miya. Ina zaune gefe da kwanona sai manomin ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Ɗana, an ce kai ne ƙanin kafinta."

"Ni ne, Kawu."

"Allah ya ji ƙan sa. Mun sha karawa da shi a nan. Ran nan mota ɗaya muka shiga, kujera ɗaya. Daga asibitin Suleja nake dawowa, na kai matata." Ya ɗaga hannun ya nuna mini. "Nan na samu wannan."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi.

"Ya ɓara goro ya ba ni rabi. Ina ba shi labarin gara ta cinye mini ƙofar rumbu, yana gaya mini in shafa wa katakon baƙin mai kafin in kafa. Yana cikin faɗar haka ke nan. Daga nan ban san komai ba sai farkawa na yi a gado. Da na san wani abu bayan haka da na gaya maka."

Na ce na gode. Ya jira kaɗan ko zan yi tambaya. Ba ni da tambaya. Wani ƙuda yana ta sauka a bakin kwanona, na kore shi.

A mota Baba ya rungume buta a cinyarsa har Suleja. Da muka sauka, sauran biyun suka yi gaba, sai ya tsayar da ni a bakin titi.

"Ka ga kartar mutumin nan?"

"Na gani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun rabon farko."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ban sani ba."

Ya daɗe yana kallo na. Ina jin ya so ya ga kunya ko taurin kai, ya san yadda zai yi da su. Bai ga ko ɗaya ba. Ya miƙo mini butar.

"Ba za ta kwana a gidana ba. Asabar mai zuwa ka mayar da ita da ƙafarka, ka gaya masa da bakinka. Sannan ka dawo ka zauna."

Sati guda butar tana ƙarƙashin gadona. Ran Asabar na sa ta a jakar leda na shiga mota. A Tafa aka yi mini kwatancen ƙauyen, na taka da ƙafa. Na same shi a gona yana lura da 'ya'yansa suna haƙar doya. Muka gaisa, na ajiye butar a kan kunyar doya, na gaya masa abin da ya faru ba ragi. Na faɗe shi kamar yadda nake karanta sunayen yara a aji.

Ya kalli hannunsa, ya juya shi.

"To ashe haka ne," ya ce. "Tun da na warke nake ta cin mutanenmu a nan. Na ɗauka ƙwarewa na ƙara. Ke nan gani suke yi suna ƙyale ni." Ya yi 'yar dariya. "Kai ka gani ka cinye ni, su sun gani suna bar mini. Ban san wanda ya fi ba ni haushi ba."

Ya aika aka kawo karta daga gida. Muka zauna a inuwar wata ɗorawa, ya zuba mana ruwa daga gora muka wanke hannu. Ya gwada riƙewa da hagu, yana ajiyewa da dama a hankali. Sau uku ina cewa, "Kawu, gyara hannunka," muna sake rabo. A na ukun ya ce wallahi na ishe shi, amma ya gyara. Ya ci biyu, na ci biyu, rana ta yi zafi muka bar shi haka. Da zan tafi ya sa aka ɗaure mini doya huɗu manya, na ce a'a, ya ce ba tawa ba ce, ta 'ya'yan kafinta ce.

Na iso gida bayan la'asar. Matar yayana tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta tambaye ni daga ina doya. Na ce daga wani mutum a Tafa, wanda suke mota ɗaya da maigidanta ranar.

Ta ajiye faranti. "Me ya ce, Malam? Ya faɗi wani abu?"

Na gaya mata zancen goro, da ƙofar rumbu, da baƙin mai.

"Haka ne," ta ce. "Kowa ya samu sai ya gaya masa maganin gara."

Ta rufe fuska da gefen mayafinta ta yi kuka mai tsawo. Na zauna a kan turmi ina jira. Ƙaramar 'yarta ta fito daga ɗaki tana kallon mu, na ce ta koma ciki. Da uwar ta gama, ta share fuska ta ɗauki farantinta, ni kuma na kwashi doyar na kai madafa.