Haƙorin da masarar agaji ta fasa

A shekarar yunwa, lokacin da duk Tamale muke cin jar masarar agaji, na tauna tsakuwa a cikin dafaffiyar masara, turmin haƙorina ya tsage. Ina da cikin fari, wata huɗu, ban faɗa wa kowa ba. A gidanmu na unguwar Nyohini mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, balle a gaban uwar miji.

Kumatuna ya kumbura kamar na ɓoye ƙwai a ciki. Na gwada kanumfari, na gwada garin taba. Wata maƙwabciya har ruwan batir ta kawo min, Allah ya yafe mata. Asibiti kuwa na ƙi, don matan unguwa sun rantse cewa in aka cire wa mai ciki haƙori, ɗan ma biyo shi yake yi. Ni tsoro nake ji sosai.

Uwar mijina, da muke kira Mma, ta gaji da nishina, ta tasa ni gaba har asibiti. Babu wuta, likitan ya jawo kujera bakin taga. Mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa.

"Kai na da ciki?" ya tambaye ni.

Mma tana tsaye a kaina. Na dubi ƙasa na ce a'a.

Ya ɗauko allura, ya jera wasu ƙwayoyi a faranti. Ga ɗana zan kashe don kunya, ga bakina ya ƙi buɗuwa.

"Likita, ƙarya take," in ji Mma. "Wata huɗu. Yarinyar da ke gudun warin daddawa, tana gutsurar bangon ɗakina tana ci? Dubi, ta kusa yi min taga."

Likitan ya yi dariya, ya kwashe wasu daga cikin ƙwayoyin ya sauya su. Ya ce allurar ba ta taɓa yaro, ruɓar da na zauna da ita ce abin tsoro. Ya cire haƙorin, Mma na riƙe da kaina tana zagina a hankali.

A hanyar gida, bakina cike da auduga, ina bin Mma a baya. Sai da muka kusa ƙofa ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Nawa cikin na fari, shiru na yi har ya tafi."

Ɗiyar da na haifa tana nan, da haƙoranta cif. Bangon kuwa Mma ta hana a yaɓe.