Rahibin da Yaya Usmanu ya ɗauko daga Kasala

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Usmanu, tela a unguwar Bab Makka ta Jidda, amma har yau in na ji ƙarar keken ɗinki sai na waiga.

Kafin mu ƙetaro Jidda, ya yi wa wasu fada-fadan Katolika aikin dafa abinci a Kasala ta Sudan. A wurinsu ya ji labarin wani rahibi na zamanin da, wanda ƙungiyarsu ta kafu a kan talauci, daga baya ta yi ƙiba da gonaki da tufafi masu laushi. Rahibin ya tuɓe takalmi, ya koma wata rusasshiyar bukka a kan dutse, ya kira 'yan'uwansa su dawo tafarkin farko. Su kuwa suka kulle shi a ɗaki. Yaya yakan ce, "Ba addininsa nake bi ba, ƙanena. Halinsa ne ya hana ni sakat."

A zawiyarmu ta unguwar Karantina, sannu a hankali sahun gaba ya zama na 'yan kasuwa, aka kuma daina kiran marasa iƙama, wato takardar izinin zama, cin abincin Juma'a, wai gudun fitina. Yaya ya miƙe bayan wazifa ya yi magana, har ya kawo misalin rahibin. Muƙaddaminmu, Malam Haruna, ya ce, "Halas, ya isa haka, Usmanu. Mai kawo mana zancen Nasara ba ya zama a nan." Gaskiya ɗaci gare ta. Daga ranar Yaya ya koma shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, yana ci da waɗanda aka ƙi, har ciwo ya kwantar da shi. Su ne suka ɗauki makararsa.

Yau babu Karantina, babu zawiyar. An rushe unguwar, fili ne fetal. Da Yaya zai gani, ban san ko zai ce an yi hukunci ba, ko kuka zai yi.

Kwanaki na haɗu da Malam Haruna a unguwar Madain Fahd, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, mutumin nan da suka kulle, sun buɗe masa kuwa?"

Ni kuwa ban taɓa tambayar Yaya ƙarshen labarin ba. Yaya bai mutu ya bar gida ba, bai bar almajirai ba. Abin da ya bari shi ne tambayar da ke hana wani tsoho barci. Allah ya jiƙansa da rahama.