Ƙuda Mai Gashi a Bayan Maraƙa

Har yau in na ji hayaƙin kashin shanu da ake turarawa don korar ƙwari, sai gabana ya faɗi, in tuna wata damina a rugarmu da ke gefen Ƙarfi.

Ina 'yar shekara tara, maruƙa ke hannuna. An hana mu shiga kurmin bakin rafi, don a daminar baya cutar sammore ta kashe shanun baffana, aka ce ƙudan tsandon wurin ne ya jawo. Ranar nan ciyawar kurmin ta ruɗe ni, na kora su ciki. Da la'asar muna dawowa sai na ga wani baƙon ƙuda a bayan jar maraƙarmu, ƙato, duk jikinsa gashi. Na kife shi da tafin hannu. Na riƙe shi a hannu har gida, na kai wa kakana.

Kakana na kan buzunsa. Idonsa ya yi rauni, don haka ya kama fiffiken, ya kawo shi dab da hancinsa, ya daɗe yana juya shi.

"Tsando in ya sauka ɗora fiffike yake kan fiffike, kamar almakashi, bakinsa a miƙe gaba," ya ce. "Bobuwa kuwa idonta ƙato ne, cizonta sai jini ya fito. Taɓa bayan wannan."

Na taɓa. Gashin a tsaye yake, da tauri kamar ƙaya.

"Ba ya shan jini. Furanni yake bi, da tsutsar gona." Ya sake shi, ƙudan ya tashi.

Har na fara numfashi, sai ya dubi ƙafafuna da taɓon rafi ya bushe a kai.

"Jikata, wannan kika kama. Wanda ba ki kama ba fa?"

Bai gaya wa babana ba, bai kuma dake ni ba. Amma kwana arba'in na yi kullum safe ina leƙa idon maraƙar ko ya fara hawaye, ina shafa haƙarƙarinta ko ta fara rama. Ko tari ta yi sai in ruga in duba ta. Allah ya taimake ni ta rayu, har na sha nononta.

Yanzu an sare kurmin, gonakin auduga ne. Jikokina duk abin da ke da fiffike ƙuda suke ce masa, su kore shi ba tare da sun duba ba. Nakan so in koya musu, sai kuma in bar su da wasansu.